Kututturen Gonar Nomau

An ɗauke wuta tun bayan azahar.
Keke ya yi tsit, zare ya tsaya a rabin hannun riga,
na fito bakin shagona a Bagalam,
na tarar Lawali ya ɗora shayi,
gawayi na ci, bakinsa ma na kamawa.

Ya ce tiyar hatsi ta haura ta bar talaka a ƙasa,
kwatar layinmu ta toshe tun daminar bara,
ƙanensa ya gama karatu, takarda na akwati,
shi yana bisa kabu-kabu yana shan rana.
Ya ce hanyar Ɗan Isa ta zama ƙofa marar mabuɗi,
a buɗe yau, a rufe gobe.
Ban ƙaryata shi ba. Da wane baki?
Kuɗin makarantar Habsu rabi na kai,
sauran rabin ni da shi muke ta ɓuya a kasuwa.

Sai ya kurɓa, ya ce, "Garin nan ya gama,
saura a jera sahu a yi masa sallar gawa."

Nan na tuna kawuna Nomau,
da gonarsa ta bayan Tibiri,
fili fetal, rairayi har idon sawu,
ba inuwar da zakara zai fake.
Kututture ne birjik, baƙaƙe,
kowa in ya zo sassabe sai ya aske tohonsu ya ƙona.
Shi ya durƙusa da 'yar wuƙarsa,
cikin toho ashirin ya zaɓi uku,
ya rage sauran, ya ɗaure masu rai da tsumma.
Aka yi ta dariya: Nomau ya koma noman icce.
Bai ɗago kai ba ya ce,
"Na sama ne aka sare.
Labarin bai kai ga saiwa."

Je ka gonar yau.
Gawo ya tsaya kamar dattijo a bakin masallaci,
ya zubar da ganye da damina don hatsi ya sha,
jajayen awaki na rububin 'ya'yansa da rani,
jikokin masu dariya na rabewa a inuwa.

Na ce, Lawali, lissafinka daidai ne, bai dai cika ba.
Ka manta Malama Tsahara,
yara tamanin, allo ɗaya mai tsaga,
kuma 'yarka ta karanta maka takardar likita jiya.
Ka manta matan asusun Inna Baraka,
dala kan dala har injin markaɗe ya shigo unguwa.
Gulbi ma da kake gani busasshe,
tona kamu biyu, hannunka zai jiƙe.
Da me kake zaton zogalen Jiratawa ke rayuwa?

Ba na ce babu zafi ba.
Ni ma dare kan yi mini tsawo,
in juya, in ƙirga bashi, in ƙirga azara.
Amma kowace safiya da wuƙa nake tashi a zuci,
toho ashirin na jirana, mafi yawa ƙaya ne,
ni ke zaɓen wanda zan bari ya girma.
Wanda ya ce an mutu ya huta da ɗaukar shebur.
Ni ban shirya wannan hutu ba,
ran Lahadi kwatar nan za ta san mun zo da magirbi da cebur,
ko mu huɗu ne, ko ana mana tsiya daga rumfar mai tsire,
ruwa dai sai ya samu hanyar wucewa.

Lawali ya yi tsaki, ya zuba mini na biyu.
Magariba ta yi, wuta ba ta dawo ba.
Na ɗauko allura, na lashi bakin zare,
rigar mai ango ce, gobe ake ɗaurin aure.
Bai ce na yi gaskiya ba.
Ya dai matso da benci, ya kunna fitilar salularsa,
ya riƙe mini, ina ɗinkawa.